Yadda ake samo littafi ko maƙala daga laburaren wata jami'a

Duk girman laburaren jami'a, akwai ranar da malami ko ɗalibin digiri na uku zai zo da sunan wata maƙala, a duba sama a duba ƙasa a rasa ta. Laburaren ba shi da laifi a nan. Mujallun ilimi sun yi yawa, kuɗin rajistarsu kullum hawa yake yi, tsofaffin littattafai kuwa da yawansu an daina buga su tuntuni. Abin da ke damuna shi ne a ce wa mai nema "babu" a tsaya nan, alhali abin yana ajiye a wani laburaren da zai bayar da shi in an roƙa yadda ya kamata.

Aikin iri biyu ne. Akwai aron littafin kansa, a aiko shi, a karanta, a mayar. Akwai kuma aika kwafi, wato a ɗauki hoton maƙala ko babi guda a tura, mai nema ya riƙe abinsa. Na biyun ya fi sauri da sauƙi, shi ne kuma aka fi yi yanzu, amma hanyar da buƙatar take bi kusan ɗaya ce. Zan bi ta daga lokacin da ta shigo hannun ma'aikacin laburare har zuwa lokacin da za a rufe ta.

## Fara da gyara bayanin abin da ake nema

A ganina, a nan buƙatu suka fi mutuwa, tun ba su bar gida ba. Mai nema zai miƙo maka 'yar takarda da sunan marubuci, da shekara, da gajarcen sunan mujalla. Sau da yawa daga jerin manazarta na wata maƙalar ya kwafo, ita ma daga wata ta kwafo, kuma kuskure ɗaya a shekara ko a lambar shafi yakan yi shekaru yana yawo daga wannan rubutu zuwa wancan ba wanda ya koma tushe ya duba. In ka tura shi haka, ma'aikacin can zai sauka rumbun mujallu, ya ciro mujalladin, ya buɗe shafin da ka rubuta ya tarar da wata maƙala daban. Ka ɓata masa lokaci, ka ɓata wa mai nema mako guda.

Ga misalin da ke faruwa. An rubuta maka "J. Agric. Sci." kawai. Akwai mujallar kimiyyar noma mai wannan suna da ake bugawa a Kambrij ta Ingila tun 1905, akwai kuma wata mai kusan sunan da ake bugawa a Kanada, wadda ta fara fitowa fiye da shekara 100 bayan ta farkon. Gajarcen suna ba zai raba maka su ba. Abin da zai raba su shi ne ISSN, lambar mujalla mai alƙaluma 8. Ka lura kuma cewa mujalla ɗaya takan sami ISSN daban a bugun takarda da na intanet, in kuma ta sauya suna sai a ba ta sabuwar lamba. Don haka maƙalar 1975 tana iya kasancewa ƙarƙashin tsohon suna, ba sunan da mujallar take amsawa yau ba.

In maƙala ce, ka tabbatar da sunan marubuci, taken maƙalar, cikakken sunan mujallar, shekara, mujalladi, fitowa ta nawa, shafin farko da na ƙarshe. In tana da DOI, lambar shaidar maƙala a intanet da ke farawa da 10 da ɗigo, ka liƙa ta a doi.org ka ga ko ta kai ka ga abin da aka ce. In babu DOI a takardar, ka nemi taken a Crossref, rumbun da ke ajiye bayanan maƙalun da ke da DOI. In littafi ne, ka san bugu na nawa ake so, da maɗaba'a, da ISBN, lambar littafi, wadda take da alƙaluma 13 tun daga 2007, kafin nan kuwa 10 ne. Littattafan da suka fito kafin 1970 galibi ba su da ita, su sai an dogara da garin da aka buga da shekara. In babi ne a cikin littafin da mutane da yawa suka rubuta, sunan editan shi ne mabuɗi, domin katalog da sunansa ya san littafin.

Wata sabuwar matsala ta ƙaru a 'yan shekarun nan. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sukan haɗa sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske, su ƙaga maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, har da lambar shafi. In ka nemi abu a wurare uku ko huɗu da ya kamata a ce yana nan amma babu alamarsa, koma wa mai nema cikin ladabi ka tambaye shi inda ya samo bayanin. Wannan tambaya ya kamata ta kasance a fom ɗin buƙata tun farko.

Kafin ya tashi daga gabanka, akwai abubuwan da za ka ji daga bakinsa. Zuwa yaushe yake buƙatar abin? In an sami wani bugu ba wanda ya ambata ba, zai karɓa? Yana jin harshen da aka rubuta abin da shi? In akwai kuɗi, wa zai biya, shi ko sashensa? Ka kuma gaya masa gaskiyar lokaci: kwafin maƙala yana iya zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, littafi daga wata ƙasa kuwa sai ya ci makonni. Ɗaliban da ke rubuta kundi su ne suka fi buƙatar jin wannan da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

## Duba gida, sannan abin da yake kyauta

Ka duba katalog ɗinku, da rumbunan bayanai da jami'arku ta yi wa rajista, da laburaren tsangaya ko na sashe. Abin mamaki ne yawan abin da ake nema waje alhali yana ginin da ke kusa.

Daga nan sai wuraren da ake ajiye bincike kyauta bisa doka. Unpaywall yana karɓar DOI ya gaya maka ko akwai kwafin halal a wani wuri. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, yana jera mujallun da ba a biyan kuɗin karanta su. PubMed Central na fannin lafiya ne, arXiv kuwa, wanda aka fara a 1991, masana kimiyyar lissafi da fiziks suna zuba rubutunsu a ciki. CORE da BASE suna tattaro abin da jami'o'i suka ajiye a rumbunansu, har da kundayen digiri. Mujallun da ake bugawa a Afirka, da yawansu suna AJOL.

In jami'arku tana ƙasar da ta cancanci Research4Life, tsarin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu kyauta ko da rahusa, ka duba nan ma. Shirye-shirye biyar ne a ƙarƙashinsa: Hinari na lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI na shari'a a 2018. Amma abin da ka sauke daga nan na mutanen cibiyarku ne, ba a tura wa wata jami'a da sunan aro.

Abu ɗaya ka riƙe: kwafin kyauta sau da yawa rubutun marubucin ne kafin mujalla ta tsara shi, don haka lambobin shafinsa ba za su yi daidai da na bugun ƙarshe ba. Wanda karantawa kawai yake so, wannan ya ishe shi. Wanda zai ciro magana ya sa lambar shafi a kundinsa, sai an samo masa bugun mujallar.

## Gano wanda yake da shi

Babban wurin dubawa shi ne WorldCat, katalog ɗin haɗin gwiwa na OCLC. Ita OCLC ta faro ne a 1967 a matsayin haɗin kan kwalejojin jihar Ohio ta Amurka ƙarƙashin jagorancin Frederick Kilgour, a 1979 kuma ta buɗe tsarin aro ta kwamfuta. Ban da shi akwai KVK na Karlsruhe a Jamus, wanda yake bincika katalog da yawa a lokaci guda, da SUDOC na jami'o'in Faransa, da Library Hub Discover na Birtaniya da Ailan. Ga mujallu, ZDB na Jamus yana da amfani ƙwarai domin yana nuna shekarun da kowane laburare yake da su.

Wannan batu na shekaru ya isa a tsaya a kansa. Katalog zai iya nuna maka cewa laburare kaza "yana da" mujallar, alhali daga 1990 zuwa 2004 kawai suka saye ta, kai kuma ta 1983 kake nema. Kada ka tura buƙata sai ka shiga katalog ɗin laburaren kansa ka ga mujalladinka a ciki. Littafi ma haka: ka duba ko yana hannun wani, ko yana cikin waɗanda ba a fita da su.

Laburarori da yawa ba sa cikin waɗannan manyan katalog ko kaɗan, kuma suna da kayan da babu a ko'ina, musamman kundaye, rahotannin gwamnati da takardun taruka. Su ta hanyar mutane ake kaiwa gare su. Ka ajiye littafin adireshi na masu wannan aiki a jami'o'in da ke yankinku, ka san su da suna, ka sabunta shi duk lokacin da aka yi sauyin ma'aikata.

In ka sami wurare da dama, jera su. A sama ka sa waɗanda kuke da yarjejeniyar ba-ni-in-ba-ka da su, ko 'yan ƙungiyar laburarorin da kuke ciki, sai waɗanda ka san suna amsawa da sauri, sai masu karɓar kuɗi. Cikin na ƙarshen akwai subito, hidimar aika kwafi ta laburarorin Jamus, da cibiyar Boston Spa a arewacin Ingila, wadda aka kafa domin bayar da aron kayan kimiyya, ta shiga ƙarƙashin Laburaren Birtaniya a 1973. Laburarorin lafiya a Amurka suna da tsarin tura buƙatun aro mai suna DOCLINE tun 1985. Akwai kuma RapidILL, wanda asalinsa yake burge ni: ambaliyar ruwa ce ta 1997 ta cika ƙasan laburaren Jami'ar Jihar Kolorado ta lalata mujallunsa, ma'aikatan suka gina tsarin da zai riƙa samo wa malamansu maƙalu cikin gaggawa, daga baya wasu jami'o'in suka shigo. Ƙa'idarsa ita ce a yi ƙoƙarin amsa buƙatar maƙala cikin awa 24.

## Haƙƙin mallaka da lasisi

Kowace ƙasa da dokarta, kuma dokar ƙasarku ita za ka karanta. Abin da ya zama ruwan dare shi ne a yarda da kwafin maƙala ɗaya daga fitowar mujalla, ko babi ɗaya daga littafi, domin bincike ko karatun mutum shi kaɗai. Ɗaukar hoton littafi tun daga bango har bango wani abu ne daban, sai in haƙƙin mallakarsa ya ƙare ko mai shi ya ba da izini.

A Amurka sashe na 108 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976 shi ya ba laburarori damar wannan aiki, sannan akwai jagorar wani kwamitin gwamnati mai suna CONTU da laburarori da yawa suke bi: cikin shekara ɗaya kada a karɓi kwafin maƙalu fiye da 5 daga mujalla ɗaya, in maƙalun sun fito ne cikin shekaru 5 da suka wuce. Jagora ce, kuma ta Amurka ce, amma in daga can kake nema za ka ci karo da ita. Dalilinta ma abin fahimta ne, kada aro ya maye gurbin saye.

Kayan intanet kuwa lasisi ne yake mulkinsu. Wani mawallafin ya yarda a tura maƙala ga wani laburare, wani ya ce sai cikin ƙasa ɗaya, wani ya hana baki ɗaya. Littafin intanet galibi ba a iya ba da aronsa dungurungum. Ka roƙi wanda ke kula da rajistar rumbunan bayanai ya ciro maka sakin layin da ya yi magana kan aro daga kowane lasisi, ka tara su a takarda ɗaya kusa da kai. Ga makafi da masu matsalar gani akwai Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda ta ba da damar musayar littattafan da aka mayar yadda za su iya karantawa tsakanin ƙasashen da suka amince da ita. Ka bincika ko ƙasarku tana ciki.

Shafukan da ke raba maƙalun sata kuwa, laburare ba ya bin ta nan, ko da mai nema ya matsa. Sunan jami'ar da lasisinta ne za su shiga hatsari.

## Tura buƙatar

In kuna da tsarin kwamfuta na sarrafa aro irin WorldShare, ILLiad ko Tipasa, shi zai riƙa miƙa buƙatar daga wannan laburare zuwa na gaba a jerin da ka yi. In babu, imel ya wadatar, muddin ya cika. Kowane abu da saƙonsa da lambarsa. Ka sa cikakken bayanin da ka gyara, da inda ka ga cewa suna da shi, da lambar ajiyarsa a katalog ɗinsu in ka gani, da ranar da bayan ta ba a buƙatarsa, da iyakar abin da za ku iya biya, da yadda kake so a aiko. Ka rubuta daga adireshin laburare, domin laburare laburare yake ba aro, ba ɗaiɗaikun mutane ba.

Kada ka watsa buƙata ɗaya ga laburarori biyar a lokaci guda don ka ga wanda zai riga. Mutum biyar ne za su bar aikinsu su je ɗauko abu ɗaya, kuma in sun gane, gobe ba za su yi maka rawar jiki ba.

Biyan kuɗi tsakanin ƙasashe yana da wahala, domin kuɗin banki kan fi kuɗin aikin kansa. Shi ya sa IFLA, ƙungiyar laburarori ta duniya da ke da hedikwata a birnin Hague, ta fito da tsarin bauca a 1995. 'Yan katunan roba ne, akwai cikakke akwai rabi. Ka saya daga IFLA, ka biya da su, wanda ya karɓa shi ma ya biya wani da su. A lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe laburarori, masu wannan aiki a ƙarƙashin IFLA suka buɗe RSCVD, inda 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke samar wa juna kwafi kyauta. Ga laburaren da ba shi da kuɗin shiga manyan tsare-tsare, wannan ƙofa ce da ta cancanci a ƙwanƙwasa.

## Ranar da kai aka roƙa

Wanda yake karɓa kullum ba ya bayarwa, ba zai daɗe a wannan harka ba. In buƙata ta shigo, ka duba ta a ranar. In ba za ka iya ba, faɗi nan take tare da dalili: ba mu da mujalladin, yana hannun wani, lasisi ya hana, bayanin bai yi daidai ba. "A'a" ta yau ta fi wa mai nema amfani a kan shirun mako biyu, domin tana sakin buƙatar ta wuce gaba.

Ɗaukar hoton shi ne inda ake gane mai kula. Mujallun da aka ɗinke wuri ɗaya suna da kauri, in ka kifa su a na'ura sai tsakiyar ta yi duhu, kalmomin bakin ɗinki su lanƙwashe su ɓace. Ka danna a hankali, kada ka karya ƙashin bayan littafin, in kuma takardar ta tsufa har tana karyewa, gara ka ce a'a. Ingancin hoto na ɗigo 300 a kowane inci ya isa ga rubutu. In akwai taswira, jadawali mai launi ko hoton gwajin asibiti, a ɗauka da launi, in ba haka ba ma'anar ta tafi. Ka haɗa da shafin taken mujallar ko littafin da shafin haƙƙin mallaka. Ka duba ko manazarta da bayanan ƙarshe suna can bayan littafin, domin babi ba tare da su ba rabin babi ne ga mai bincike. Sannan ka buɗe fayil ɗin ka ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin ka tura. Shafi biyu kan manne a juye su tare ba a sani ba.

In littafi ne za a aika, ka duba lafiyarsa ka rubuta duk wata yaga ko tabo da ke jiki, ka naɗa masa takarda mai ɗauke da lambar buƙata, ranar dawowa da sharaɗin amfani, ka sa shi a kwali mai ƙarfi da abin da zai kare shi daga ruwa, ka aika ta hanyar da ake iya bin sawu.

## Karɓa da mayarwa

Kwafi in ya iso, ka buɗe ka gwada shi da buƙatar kafin ka miƙa. In da shafin da ya ɓace, ka nemi a sake a ranar, tun mujalladin bai koma rumbu ba. Wasu hanyoyin turawa suna goge fayil bayan 'yan kwanaki ko bayan an buɗe shi sau kaɗan, don haka ka sanar da mai nema ya sauke da wuri.

Littafi kuwa amana ne a wuyan laburarenku. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce laburaren da ya ara shi ke da alhakin littafin tun daga barinsa can har komawarsa, har da abin da ya same shi a hanya. In an ce a karanta shi a cikin laburare kawai, to haka za a yi, ko da farfesa ne ya nema. Ka ba mai karatu ranar dawowa da ta riga ta masu littafin da kwanakin da aikawa za ta ci. In ana son ƙarin lokaci, a roƙa kafin wa'adi ya cika, in kuma masu shi sun ce a dawo da shi da wuri, a dawo. In ya ɓata ko ya lalace, ka gaya musu da kanka, ku biya abin da suka yanke, daga baya ku san yadda za ku yi da wanda ya ɓatar.

Saura rajista. Kowace buƙata a rubuta ranar shigowarta, wanda ya bayar, kwanakin da ta ɗauka, abin da aka kashe, in kuma ba a samu ba, dalili. Sunan mai nema kuwa a ɓoye shi, domin abin da mutum yake karantawa sirrinsa ne, kuma da an rufe buƙata ba a bukatar ajiye shi fiye da yadda doka ta ce. A ƙarshen zangon karatu ka zauna da rajistar. Za ta nuna maka laburaren da ya kamata ya hau saman jerinka da wanda ya kamata ya sauka. In kuma ka ga mujalla ɗaya ko littafi ɗaya yana ta dawowa daga mutane daban-daban, ka ɗauki alƙaluman ka kai wa kwamitin sayen littattafai, a saya.